Mai gyaran wutar mota a Wadata: ya auna kafin ya kwance

Duk wanda motarsa ta ƙi tashi a Yamai, maganar farko da zai ji ita ce "batir ne" ko "demarer ya ƙone", wato na'urar da ke juya inji don mota ta tashi. Tawa tsohuwa ce mai otomatik, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, don haka ko turawa ba ta yiwuwa. In na murɗa makulli fitilun tablo su kama, amma demarer ko ƙas ba ya cewa. Makanikin farko ya ce a cire shi a sayo wani. Wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani mai gyaran wutar mota a unguwar Wadata, kuma aikinsa ne ya sa nake wannan rubutu.

Bai kwance ko noti ɗaya ba sai da ya gama awo. Ya ɗora mitarsa a kan batir, ta nuna volt 12.6, wato cike yake. Ya kunna manyan fitilu, ya ce wa yaronsa ya murɗa makulli, haskensu bai ragu ba ko kaɗan. Ya ce mini, "Alhaji, demarer yana jan sama da amfiya 100. Da yana samun wuta da fitilun nan sun dushe."

Daga nan ya shiga ƙarƙashin mota da ƴar fitilar gwaji. Wayoyi biyu ne ke zuwa wa demarer: mai kauri daga batir, wadda kullum da wuta a cikinta, da siririya da ke kawo umarni daga makulli zuwa solenoyid, wato makunnin da ke jikin demarer ɗin. Mai kaurin lafiya lau. Siririyar kuwa, yaro yana murɗawa fitila ba ta kama ba. Ya tabbatar giyar mota tana P, wato fakin, birkin hannu a ja, sannan ya ba wurin da siririyar ke shiga wuta kai tsaye daga batir. Nan take demarer ya juya da ƙarfinsa. Abin da aka so in zubar ke nan!

Sauran aikin bin waya ne a koma baya. Fizibil, wanda ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, bai ƙone ba. Ya musanya rele, ɗan makunnin da ke miƙa umarnin makulli ga demarer, da wani irinsa, shiru. Da ya mayar da mota N, inda ba ta cikin giya, sai ta tashi. Ashe ɗan makunnin da ke jikin buwat, wato akwatin giya, ne, wanda ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba. Ya zare soket ɗinsa ya nuna mini: jar ƙura da maiƙo sun daskare a ciki, bakin ƙarfen ya yi kore. Ya wanke, ya daidaita zaman makunnin, ya ƙara ɗaure wayar mas, wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota.

Jaka biyar ya karɓa, kuma ban ga tsadarsa ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne jira. Ba ya bin layi, wanda ya fi matsa masa shi yake fara dubawa, ga wurin babu inuwar kirki, a ranar Yamai kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa makunnin ya tsufa, wanki ba zai riƙe shi har abada ba, in fara neman sabo. Mai niyyar zuwa ya yi sammako, kafin masu taksi su cika wurin.