Ashura: tsaga kai ko ba da jini?

Ranar 10 ga Muharram a Nabatiyya, kudancin Lebanon, wasu 'yan Shi'a kan sa fararen kaya, a tsaga musu tsakar ka da reza, su riƙa bugun wurin har jini ya rine riga. Juyayin kisan Imam Husaini ne a Karbala. Ban raina baƙin cikinsu ba, amma jinin a kan kwalta yake ƙarewa, kuma har yara ƙanana ake kawowa.

Wasu kuwa layi suke bi a ɗebi jininsu leda guda, kusan rabin lita, a kai asibiti. Tun 1994 Ayatullah Khamenei na Iran ya haramta tsaga kan. Ni dai ledar nan na zaɓa, don akwai mai naƙuda da jini ya ɓalle mata tana jira.