Keram, Jakaro ko Ludo: wanne za a saya wa yara na goron Sallah?

Bara da ƙaramar Sallah, maimakon in raba wa yaran yayata riyal biyar-biyar na idiyya, wato goron Sallah, kamar kullum, kuɗin da kafin la'asar sun ƙare a baƙala, wato shagon unguwa, sai na ce bari in haɗa in sayo musu abin wasa guda da za su zauna tare su yi, ko sa ɗan ajiye waya. Wallahi har yau ana buga shi a gidan. Shi ya sa 'yan uwa a nan Jidda ke ta tambayata wanne ya fi, to ga abin da na gani.

Ni dai keram na fi so, kuma shi na saya. Asalinsa daga Indiya ne amma ya zauna daram a Jidda da Makka, da wuya ka shiga gidan mutanen Hijaz da Ramadan ba ka ji ƙarar ƙwal-ƙwal ɗinsa bayan tarawihi ba. Katako ne mai kusurwa huɗu da rami a kowace kusurwa, 'ya'yansa 19, farare 9 baƙaƙe 9 da ja guda ɗaya, sai babban da ake harbawa da yatsa. Ba karatu ba lissafi, yaro ɗan shekara shida da kakarsa duk za su iya, na ga Hajiya babba da kanta ta gyara zama ta naɗe hannun riga tana cewa a matso mata da jar nan. Amma dan Allah kar arha ta ruɗe ka. Na farkon da na sayo a wani shagon kayan arha siriri ne kamar kwali, wata biyu da danshin Jidda ya lanƙwashe, 'ya'yan sai su riƙa gangarawa gefe guda da kansu, dole na sake sayen wani. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka shafa tafin hannunka a kai ka ji santsi, bakin katakon ya zama mai kauri don shi ke dawo da abin harbin. Cikakken girma wajen santimita 74 ne filin wasan, in falonku ƙarami ne ka auna tukuna. Kuma ka haɗa da hodarsa da ake barbaɗawa don santsi, in babu ita wasan ba ya tafiya, sai dai a ɓoye ta daga masu rarrafe, ita da 'ya'yan keram ɗin ma don suna kaiwa baki.

Jakaro kuma na samari da 'yan mata ne, shi ake yayi yanzu. Mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da duwatsu huɗu, kati ake ja ba a jefa komai. Katin A ko K ke fito da dutsenka daga gida, 4 baya take kai ka, J kuma ka yi musanyar wuri da wani, nan ne ake hayaniya. Yana da daɗi sosai in kun cika huɗu kuma kun san dokar, amma ƙanana ba sa jure zaman, kuma na katako mai kyau ya fi ludo tsada nesa ba kusa ba. In 'yan sakandare ne a gidan, saya ba ka yi asara ba.

Ludo ba sai na faɗa ba, duk mun taso da shi, ga arha ga sauƙin ɗauka. Abu ɗaya kawai, akwai gidajen da ba sa yarda da duk wasan da ake jefa ɗan ludo saboda hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kan nardi, wani tsohon wasa da ake yi da ɗan jefawa, to in kyauta za ka kai ka fara tambayar maigidan, kar ka je da murna ka sa shi jin nauyi. Monopoly ma haka, ɗan jefawa biyu gare shi, ga shi yana cin awanni, kuma kuɗin takardar nan kwana uku sun watse ƙarƙashin kujera. Akwai na Larabci in yaran makarantar Larabci suke.

Abin da ke ɗan taɓa min zuciya shi ne dara tamu, ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci na abokinka. Ban taɓa ganinta a shago a nan ba, kuma yaranmu da aka haifa a nan yawanci ko sunanta ba su sani ba. Kawu ya zana musu a bayan kwalin keram ɗin, ya ɗebo ƙwallayen dabino da murafen ruwa, babban yaron ya zauna sai da aka kira magariba yana cewa Kawu a sake. Bana zan kai wa kafinta ya fafe min ita a katako.