Garin shatabari na Indiya, wata 3 ina sha, ga abinda na gani

Ni dai tun ina budurwa nake fama, saura kwana 8 ko 10 al'adata ta zo sai nono yayi nauyi ciki ya kumbura, ga fushi ba dalili, yaro ya zubar da ruwa kawai sai naji kuka ya taho min. A ƙauyenmu nan wajen Ringim in kin faɗa sai ace iska ce ko baƙar zuciya, har inna ta taɓa aikawa a karɓo min rubutu.

Yayata dake aure a Kano ce ta kai ni wani shagon maganin Indiya, kuma gaskiya matar shagon ta burge ni don bata yi saurin miƙo min kwalba ba, zaunar dani tayi tana tambaya, ya baccinki, ya bayan gida, kina ƙuraje? Tace a maganin gargajiyarsu Ayurbeda jiki na tafiya ne kan abu 3, vata da pitta da kapha. In vata tayi yawa sai fargaba da rashin bacci da taurin bayan gida da ciwon mara, pitta kuma zafi ce, ita ke kawo fushi da ƙuraje, kapha nauyin jiki da yawan bacci. Vata ɗin ma iska suke ce mata amma ba iskar da ake nufi a garinmu ba. Wallahi ranar na fara jin ashe abin nan nawa yana da suna, mata da yawa nayi, ba mugun hali bane.

Abinda ta bani shatabari ne, garin saiwar wata shuka ce, ƙaramin cokali a madara mai ɗumi da dare, akwai ɗan ɗaci amma yana shawuwa. Kumburin ya ragu, bacci ma alhamdulillah, fushin kam yana nan sai dai kaɗan. Kuma fa lokaci ɗaya na rage gishiri da magi na koma shan citta da hulba, to garin kaɗai bazan ba lada ba.

Inda raina ya sosu, matar shagon ta haɗo min da wani maganin ruwa mai suna ashokarishta, sai a gida ƙanina ya karanta kwalbar yace tsimi ne, akwai giya a ciki. Ya kamata ace ta faɗa min tun a shago. Ku dinga sa a karanta muku, ku duba lambar NAFDAC, mai juna biyu ko mai zubar jini sosai kuma asibiti zata fara zuwa. Kwalbar na bawa direban motar Kano ya mayar mata, garin kuma na aika a ƙaro min leda ɗaya.