Sharhi kan man Ovestin: ya dace da bushewar gaba bayan ɗaukewar al'ada

Mata da yawa a Zariya, da zarar al'ada ta ɗauke musu suka fara jin bushewa, ƙaiƙayi, raɗaɗi wajen fitsari da zafi lokacin saduwa, sai a ce ciwon sanyi ne, a yi ta ɗirka musu maganin ƙwayoyin cuta. Sau da yawa ba sanyi ba ne. Sinadarin mata na jiki da ake kira estrojin ne ya yi ƙasa, fatar cikin farji ta yi siriri, ni'ima ta ragu. A wannan matsalar, Ovestin yana aiki sosai.

Kowane giram ɗaya na man yana ɗauke da miligiram 1 na estriyol, wani nau'in estrojin. Yana zuwa da 'yar sirinji marar allura mai zoben alama a jiki. Ki ɗaura ta a bakin bututun, ki matsa har man ya kai zoben, wato rabin giram ke nan. Ki kwanta, ki zura ta a hankali, ki tura man ciki. Da daddare ake sa shi, kullum na makonni biyu zuwa uku, daga nan sai sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis. A wanke sirinjin da sabulu da ruwan ɗumi; tafasasshen ruwa yana lalata robar.

Sauƙi ba ya zuwa dare ɗaya, kuma nan ne akasari ake yin kuskure: a yi kwana huɗu a ajiye. Kwanakin farko yakan ɗan yi zugi saboda fatar a tsage take, wasu nononsu ya yi nauyi. Ana dainawa kuma bushewar ta dawo. Haɗa shi da matsin alif ko haɗe-haɗen kayan mata ɓata aiki ne, su ne ma ke ƙara ƙona wurin.

Aibinsa a gani na biyu ne. Yana ɗan zubowa da safe, sai an sa auduga. Sannan ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 25, abin da ɗaki mai rufin kwano ba ya bayarwa a watan Afrilu. A nemo masa wuri mai sanyi, amma kada ya daskare.

Ba ya maganin zafin da ke tasowa a jiki da gumin dare. Wannan sai maganin estrojin na sha ko na liƙawa a fata, kuma wadda ba a cire wa mahaifa ba sai an haɗa mata da sinadarin furojestojin don kare bangon mahaifar.

Wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya, kada ta taɓa shi sai da izinin likita. Wadda kuwa ta ga jini bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ta tafi asibitin koyarwa na Shika a duba ta tukuna. A saye shi a babban kantin magani, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.