Shafin neman asibiti da na gwada saboda idon Inna

Tun bayan kaka idon Inna ya fara yana, har ta kai ba ta iya tsince tsakuwa a shinkafa. A Ringim aka ba mu shawarar mu nemi likitan ido a Kano. Shi ne na buɗe ɗaya daga cikin shafukan nan na intanet da ke jera asibitoci, don in zaɓa tun daga gida.

Gaskiya shafin ba ya cin data, da sabis ɗin ƙauyenmu ma ya buɗe. Asibitoci uku suka fito a sama, hotuna tsaf-tsaf. Ni a zatona na gaba shi ne gwani, kamar yadda ake jera 'yan aji bayan jarabawa. Muka yi sammako ran Alhamis, Inna riƙe da gefen rigata a tasha. Sai da muka yanki kati tukuna mai karɓar kuɗi ta ce likitan ido ran Talata kaɗai yake zuwa.

Muna zaune a benci ɗan yayata ya karɓi wayar, ya buɗa rubutun da yatsu biyu. Sai ga wata 'yar kalma toka-toka a ƙarƙashin sunan: "Sponsored".

"Kawu, ai waɗannan kuɗi suka biya aka ɗora su a sama."

Inna ta ce, "Ashe talla muka biyo tun asuba."

Ban ƙi talla ba, mai shafi ma sai ya ci tuwo. Amma a rediyo ko tsohuwa ta san inda labarai suka ƙare aka shiga tallan maganin basir. Nan kuwa an cakuɗa su, alamar da Turanci, ƙanƙanuwa, ga mu masu neman maganin ido! Tun 2022 aka kafa hukumar ARCON mai sa ido kan tallace-tallace, har da na intanet. Da za ta ji tawa, da ta sa a rubuta "talla" da manyan baƙaƙe, da Hausa.

Asibitin Murtala da na ido na ECWA da ke Sabon Gari duk suna cikin jerin, sai dai can ƙasa, inda yatsana bai kai ba.

Tauraro biyu na ba shafin, albarkacin lambobin wayar asibitocin da ke cikinsa. Su na kira kafin tafiya ta biyu, na tambayi ranar likita da kuɗin aiki, sannan na ce wa Inna ta ɗauko mayafinta.