Bayodaijesta ko masai mai rami biyu, ga mai gida bakin gulbi

Wani ɗan uwa ya tambaya a gurup: "Ina gini a Yelwan Yauri kusa da ruwa, in anka yi haƙa kaɗan sai ruwa ya taso. Bayodaijesta zan sa ko masai mai rami biyu?"

Malam yi rami biyu ka huta, kuma a ɗaga shi sama. Ni duk biyun na taɓa su da kuɗina, shi bayodaijesta ɗan tanki ne da ake binnewa, kashi ya ruɓe ciki ruwan ya tace ya fita cikin ƙasa.

Gidan tsohonmu mai rami biyu munka yi, maginin wani dattijo ne, shi ya hana mu zurfafa ramin, ya ce ƙasar bakin gulbi ba ta son zurfi, ramin ya tsaya sama da inda ruwa ka kaiwa da damina, abin da anka rasa ƙasa a cike shi da bulo ta sama. Layi huɗu ya ɗora, ya yi plasta ciki da waje, ya yi matakala uku, ya sa bututun iska mai raga a baki saboda ƙuda. A lokacin har ƙorafi na yi, na ce wane irin bayi ne sai ka hau kamar rumbu. To da ambaliyar 2020 ta zo, wadda ta cinye shinkafar mutane a Kebbi, ruwa ya shigo mana tsakar gida har ƙwauri, masai na maƙwabta duk sun cika sun amayar, kazanta na yawo cikin lungu yara na tsallakawa, namu ko ɗigo bai fito ba. Inna ta yi kwana da kwanaki tana sa wa maginin nan albarka.

Yadda abin yake, rami ɗaya ake amfani da shi, in ya kusa cika a juya bututu zuwa na biyu a rufe na farko a manta da shi kamar shekara 2. Ranar da munka buɗe namu na toshe hanci tun daga nesa, ashe ba komai, baƙar ƙasa ce busasshiya, da shebur munka kwashe munka zuba gindin mangwaro. Mun sa mishi ɗan kwanon roba na SATO mai rufe kanshi, ruwan buta ɗaya ya wanke shi.

Bayodaijesta kuwa nawa gidan na sa, ba zan ce bai aiki ba, a tudu mai yashi yana yi. Amma shi ma ruwan da ya tace sai ƙasa ta shanye, ƙasar da ta riga ta ƙoshi me za ta sha? Damina biyu ya yi min, watan Agusta ya fara dawo da ruwa cikin bayi, wanda ya haɗa min kuma ya daina ɗaukar waya.

Ka kiyayi masu ce maka "har abada bai cika", ƙarya ce, da masu tallan wani gari a leda wai yana narkar da kashi. Bulo ma ka je da kanka ka ƙwanƙwasa, wanda anka yi wa rowar siminti ruwa na taɓa shi zai marmashe. In za a kwashe maka rami ka tambayi inda za su zubar, wasu da dare suke juyewa cikin gulbi, ruwan da masunta ke ciki kullum, mata na wanke-wanke, kuma duk mun ga abin da amai da gudawa ya yi a 2021.

Rijiya a ba ta tazarar aƙalla mita 30, masai ya zama ta gangare. Ruwan wanka da wanki kada ya shiga ramin, yi mishi nashi ɗan gurbi daban da tsakuwa da yashi ka dasa ayaba kewaye, za ta sha abinta. Ka fara aikin da rani amma ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya jikin bango shekarar da ya fi yawa, bakin masanka ya wuce nan.