Hattara da mai tallar furen kilematis a Instagram

Jama'ar Bauchi, naira dubu 52 aka cuce ni, har yanzu zuciyata tafasa take yi. Dubu 45 kuɗin dashen kilematis guda uku, dubu 7 kuɗin mota wai daga Jos. Dubu 52 cif.

Kada wani ya ce ban bincika ba. Na san furen nan yana son rana a kansa, sanyi a saiwarsa, shi ya sa na tanadi manyan tukwane masu zurfin santimita 45, na huda ƙasansu don ruwa ya riƙa tsiyaya, na jera su jikin katanga inda inuwa ke rufe gindinsu. Har mai walda na sa ya yi mini ragar siririyar waya, domin da tsinken ganyensa yake naɗe abu ya hau, ba ya iya kama katako mai kauri. Na tambayi mutumin nan ko zai jure zafin Maris da Afrilu na garinmu. Ya ce, "Hajiya, wallahi Jackmanii ne, mai launin shunayya, ya riga ya saba da ƙasarmu." Jackmanii kuwa iri ne na gaske, tun 1858 aka samar da shi a Ingila. Wanda ya san sunan nan, ya kira ni ta bidiyo, ya nuna mini tukwane cike da fure, yana ta Hajiya kaza, Hajiya kaza, wa zai yi zaton ɓarawo ne? Wallahin nan nasa nake ta ji a kunnena.

Da na buɗe kwalin, wasu 'yan rassa ne a baƙar leda da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ganyen kilematis bibbiyu yake fitowa suna fuskantar juna, wannan kuwa ɗaiɗai ne, faffaɗa. Tsohon da ke kula da shukokin maƙwabtanmu ya duba ya ce, "Hajiya, ai duman kada ne, ga shi can cike da fadama." Duman kada, dubu 45!

Dubu 7 ɗin ma ba ta cikin cinikin farko. Sai da na tura dubu 45 ya ce direba ya ƙi ɗauka. Tun kafin nan ma ya ce asusunsa ya samu matsala, in tura na ƙaninsa, ya sake rantsuwa. Ranar da kayan suka iso na kira shi, ya ce yaransa ne suka yi kuskure, zai sake aikowa. Washegari ya toshe ni, ya sauya sunan shafin, hotunan kuwa suna nan yadda suke.

Kada ku tura ko sisi sai kun ga dashen a hannunku kun duba ganyen. Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗin da saƙon muryarsa duk suna wayata, anjima zan ɗora su.